Harajin gida a jihar Teksas: ƙorafi a kan ƙiyasi da aikin linzamin kashi 10

Taƙaitawa

Wannan aiki bayani ne dangance da yadda ake ƙiyasta gidaje domin haraji a jihar Teksas ta ƙasar Amurka, da kuma hanyar da doka ta buɗe wa mai gida idan bai yarda da ƙiyasin ba. Za mu nuna cewa gida guda yana da ƙima iri uku a gaban hukuma. Ƙorafi ta farko yake taɓawa, haraji kuwa a kan ta uku ake yanka shi, kuma linzamin kashi 10 cikin 100 yana tsakaninsu. Wanda bai bambanta su ba yana iya cin nasara a ƙorafinsa, amma abin da zai biya bai ragu da komi ba.

0. Gabatarwa

Lanhon da aka fi sani a ƙasar Hausa tun zamanin mulkin mallaka, ko dai na kai ne, ko kuma jangali. Duka biyun a kan ƙirga suka dogara: mutum nawa, saniya nawa. Harajin gida a Amurka bai dogara a kan ƙirga ba, a kan ƙiyasi ya dogara. Ma'aikaci ne zai ce gidan wane, da za a sayar da shi, ga abin da zai yi. Gidan kuwa ba a sayar da shi ba. Saboda haka lambar da aka rubuta ra'ayi ce, kuma ra'ayi yana karɓar gardama.

Mun zaɓi Teksas don dalili biyu. Na farko, jihar ba ta karɓar haraji a kan albashi ko samun mutum. A shekarar 2019 ma masu zaɓe sun sa wannan hani a cikin kundin tsarin mulkin jihar. Don haka nauyin makarantu, da hanyoyi, da ƴan sanda, da masu kashe gobara, mafi yawansa a kan gidaje da filaye yake. Na biyu, a can ne ƙorafi ya zama al'ada ta shekara-shekara, mai wa'adi da matakai sanannu.

Kalmomin da za mu yi aiki da su su ne: ƙiyasi (aikin sa wa gida kuɗi), ƙima (lambar da ƙiyasin ya haifar), ma'auni (abin da ake biya a kan kowace dala 100 ta ƙima), rangwame (abin da ake cirewa daga ƙima kafin lissafi), da linzami (iyakar da aka sa wa hawan ƙima a shekara). Duk inda muka ce dala, dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwanninmu ta tamma 5 ba.

1. Mai ƙiyasi daban, mai yanka haraji daban

Gwamnatin jihar ba ta karɓar harajin gida. Masu karɓa su ne hukumomin ƙasa-ƙasa: gunduma (jihar tana da 254), ma'aikatar magajin gari, hukumar makarantun yanki, da wasu ƙananan hukumomi kamar na asibiti ko na ruwa. Gida guda yana iya faɗawa ƙarƙashin huɗu ko biyar daga cikinsu, kuma rabon makarantu shi ne ya fi girma.

Kafin 1979, kowace hukuma tana da nata mai ƙiyasi, har gida guda ya kan samu ƙima dabam-dabam a shekara guda. Dokar 1979, wadda ake kira da sunan ɗan majalisa Wayne Peveto, ta haɗa aikin wuri guda: ofishin ƙiyasi guda a kowace gunduma, kuma tsarin ya fara aiki sosai a 1982. Ofisoshin 253 ne, domin gundumomin Potter da Randall sun haɗa nasu.

Daga nan shekara ta rabu kamar haka:

(1) 1 ga Janairu: ranar da ake duba halin gida da ƙimarsa. Duk abin da ya faru bayanta, na baɗi ne.
(2) Afrilu zuwa Mayu: ofishin ƙiyasi ya aika wa masu gidaje takardar sanarwa.
(3) Mayu zuwa Yuli: sauraren ƙorafi.
(4) 25 ga Yuli: shugaban ofishin ya miƙa wa hukumomi jerin ƙimomin da aka tabbatar.
(5) Agusta da Satumba: kowace hukuma ta tsai da ma'auninta.
(6) Daga Oktoba: takardar biya ta fito, wa'adin biya shi ne 31 ga Janairu.

Abin lura a nan shi ne, ofishin ƙiyasi ba ya tsai da ma'auni, hukumomin da ke cin harajin kuma ba su tsai da ƙima. Mai gida da ya je wurin ƙorafi yana kukan tsadar haraji ya kai kukansa inda ba a iya share masa hawaye. Ba a sauraren gardamar ma'auni a wurin.

Wani abin kuma shi ne, ba a shiga gida-gida. Ofishin yana ƙiyasin taro ne: ya raba gari unguwa-unguwa, ya duba gidajen da aka sayar, ya fitar da lissafi bisa ga faɗin gida, da shekarunsa, da irin gininsa, sa'an nan ya shimfiɗa lissafin a kan sauran. Ga shi kuma Teksas tana cikin jihohin da doka ba ta cilasta wa mai saye ko mai sayarwa ya bayyana kuɗin ciniki. Ke nan kuskure ba abin mamaki ba ne: lissafin bai san rufin da ke yoyo ba, bai san tushen ginin da ya tsage ba.

2. Gidan zama

Kalmar da dokar ta yi amfani da ita, homsted, ba ta nufin kowane gida. Tana nufin gidan da mutum ya mallaka kuma yake zaune a cikinsa a matsayin mazauninsa na asali. Mu a nan za mu ce gidan zama. Mutum ba ya da gidan zama biyu. Gidan haya da gidan hutu ba su shiga ciki.

Asalin kalmar ba a husa'ar haraji yake ba, a husa'ar bashi yake. A 1839, lokacin da Teksas take jamhuriya mai cin gashin kanta, ta yi dokar da ta hana masu bin bashi ƙwace wa magidanci gidansa: gona ta kimanin hekta 20, ko fili guda a gari. Wannan kariya ta shiga kundin tsarin mulki a 1845. Amma ba ta hana hukuma sayar da gida saboda harajin da ba a biya ba. Za mu komo ga wannan a sashe na 5.

A husa'ar haraji, gidan zama yana ba da abu biyu: rangwame da linzami. Rangwamen harajin makarantu ya hau kamar haka: dala 15.000 a 1997, dala 25.000 a 2015, dala 40.000 a 2022, dala 100.000 a 2023, dala 140.000 a 2025. A 2025 ɗin kuma, ƙarin da ake yi wa mai shekara 65 ko fiye, da naƙasasshe, ya tashi daga dala 10.000 zuwa dala 60.000. Waɗannan mutane kuma harajinsu na makarantu yana tsayawa a inda yake a shekarar da suka cancanta, sai in sun ƙara gini. Ban da wannan, kowace hukuma tana da ikon ba da nata rangwamen har kashi 20 cikin 100 na ƙima, in ta so.

Duk wannan ba ya zuwa da kansa. Cilas ne mai gida ya cika takardar nema, mai lamba 50-114, ya haɗa da takardar izinin tuƙi ko katin shaida mai ɗauke da adireshin gidan. Neman kyauta ne. Wa'adinsa ƙarshen Afrilu, amma doka ta yarda da jinkiri har shekara biyu bayan ranar da harajin ya zama bashi. Wanda bai nema ba, ba shi da rangwame, ba shi da linzami.

3. Linzamin kashi 10

3.1. Ƙa'ida

Masu zaɓe sun amince da linzamin a 1997, ya fara aiki a 1998. Yana cikin aya ta 23.23 ta kundin dokokin haraji na jihar. Ƙimar gidan zama ta bana ba za ta wuce ƙaramar waɗannan lambobi biyu ba:

(7) ƙimar kasuwa ta bana;
(8) ƙima mai linzami ta bara, da ƙarin kashi 10 cikin 100 nata, da kuɗin sabon ginin da aka ƙara.

Gyara na yau da kullum, kamar shafe ko liƙe rufi, ba sabon gini ba ne. Ƙarin ɗaki sabon gini ne.

Ta haka ƙima uku suke fitowa: ƙimar kasuwa, wadda ofishi ya ƙiyasta, ƙima mai linzami, wadda (7) da (8) suka bayar, da ƙimar yanka, wato ƙima mai linzami bayan an cire rangwame. Ita ta ukun ake ninkawa da ma'auni.

Linzamin ba ya kamawa a shekarar farko. Sai ranar 1 ga Janairu ta shekarar da ke bin shekarar da mai gida ya fara cancantar rangwame. Kuma yana faɗuwa idan mai gida, ko matarsa, ko mijinta, babu wanda ya rage a cikinsu mai cancanta. In an sayar da gida, sabon mai shi daga ƙimar kasuwa zai fara.

3.2. Misali

Lambobin da ke tafe namu ne, don bayani kawai. Mu ɗauki gidan da aka ƙiyasta dala 300.000 a shekarar farko, ba a ƙara masa gini ba:

(9) shekara ta 1: kasuwa 300.000, mai linzami 300.000
(10) shekara ta 2: kasuwa 360.000, mai linzami 330.000
(11) shekara ta 3: kasuwa 400.000, mai linzami 363.000
(12) shekara ta 4: kasuwa 390.000, mai linzami 390.000

A shekara ta 4, iyakar (8) ta kai 399.300, don haka ƙimar kasuwa ce ƙarama, ita aka ɗauka.

3.3. Abin da misalin yake nunawa

Na farko, linzami jinkiri ne, ba yafiya ba ne. A (12) kasuwa ta faɗi da dala 10.000, amma ƙimar da ake lissafi da ita ta hau da dala 27.000. Masu gidaje da dama a biranen Teksas sun ga irin wannan bayan hawan farashi na 2021 da 2022: kasuwa ta lafa, takardarsu kuwa ta ci gaba da hawa kashi 10, domin tana bin sawun tazarar da aka bari a baya.

Na biyu, linzamin a kan ƙima yake, ba a kan kuɗin da ake biya ba. In hukuma ta ɗaga ma'auninta, kuɗin yana iya hawa fiye da kashi 10.

Na uku, kuma shi ne muhimmi: ba kowace nasara ce ke rage haraji ba. A (11), in mai gida ya yi ƙorafi aka sauko da ƙimar kasuwa daga 400.000 zuwa 380.000, ba abin da ya canza a takardar biyansa, tun da 380.000 tana sama da 363.000. Sai in an sauko ƙasa da 363.000 ne ragi yake farawa. In aka kai 350.000, ya samu ragin 13.000 a bana, kuma iyakar baɗi ta zama 385.000.

Na huɗu, ƙorafin shekarar farko ya fi kowane amfani. In a (9) an sauko da ƙima zuwa 280.000, jerin zai zama 280.000, 308.000, 338.800, 372.680. Bambancin da jerin farko shi ne 20.000, 22.000, 24.200 da 17.320. In ma'aunin dukan hukumomi ya haɗu ya kai dala 2 a kan kowace 100, ƙorafi guda ya rage kimanin dala 1.670 cikin shekara huɗu. Tun ran gini, tun ran zane.

4. Ƙorafi

4.1. Wa'adi

Wa'adin shi ne 15 ga Mayu, ko kwana 30 bayan isar da takardar sanarwa, wanda duk ya fi nisa a cikinsu. Akwai takarda ta musamman mai lamba 50-132, amma kowace wasiƙa ta isa, muddin ta faɗi sunan mai gida, ta nuna gidan, ta kuma nuna rashin yarda. Manyan gundumomi suna karɓa ta intanet. Ba a biyan komi. Mai gida yana iya wakilta wani. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, galibi suna karɓar wani kaso daga abin da aka rage.

4.2. Hujja iri biyu

Hujja ta farko: an ƙiyasta gidan fiye da abin da zai yi a kasuwa. Shaidarta ita ce cinikin gidaje masu kama da shi a unguwar, kusa da 1 ga Janairu, takardar cinikin gidan kansa in sabon saye ne, hotunan lalacewa, da lissafin magini na abin da gyara zai ci. Kazalika a duba bayanin da ofishi ya rubuta: faɗin da ya wuce gaskiya, ko ɗakin da babu shi.

Hujja ta biyu: rashin daidaito. Kundin tsarin mulkin jihar ya ce haraji ya zama daidai wa daida. Saboda haka ko da ƙimar kasuwa gaskiya ce, mai gida yana iya nuna cewa an ƙiyasta maƙwabtansa ƙasa da shi. Ana jera adadi mai ma'ana na gidaje masu kama da nasa, a daidaita bambancin faɗi da shekaru, a ɗauki ƙimar da ta faɗo tsakiyar jerin. In tasa ta fi ta, yana da gaskiya. Ƙimar kasuwa ta maƙwabta ita ce abin kwatanci mai ma'ana, domin mai linzami ta dogara ne a kan daɗewar kowa a gidansa. Ya kamata a ambaci hujjojin biyu tun a takardar ƙorafi, don kada a hana mutum kawo ɗaya a wurin zama.

4.3. Matakai

Mataki na farko ganawa ce da ma'aikacin ofishi, ba tare da alƙalanci ba. Da yawa a nan suke ƙarewa. Amma a sani, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a nan ta rufe magana ta wannan shekara. Ba a ɗaukaka ta.

In ba a daidaita ba, sai kwamitin sauraren ƙorafi. Membobinsa mazauna gundumar ne, ba ma'aikatan ofishin ƙiyasi ba, kuma galibi mutum uku ke zama. Ana sanar da mai gida ranar zama kwana 15 kafin ta zo, kuma yana da haƙƙin samun shaidun da ofishi zai kawo kwana 14 kafin zaman. Yana iya zuwa da kansa, ko ta tarho, ko ya aika rantsuwa a rubuce. Abubuwa uku suna gefensa:

(13) nauyin kawo hujja a kan ofishi yake, ba a kan mai gida ba;
(14) bisa ga dokar 2019, kwamitin ba ya iya ɗaga ƙima sama da wadda ofishi ya rubuta, sai da yardar mai gida;
(15) in kwamitin ya rage ƙima, ofishi ba ya iya ɗaga ta a ƙiyasi na gaba sai da hujja bayyananna mai gamsarwa.

Batu na (15) shi ne amsar mai tambaya: mene ne amfanin ƙorafi ga wanda linzami ya riga ya kare? Ƙimar kasuwa ita ce inda ƙima mai linzami take nufa. Rage ta bana yana rage tsawon hawan da ke gaba.

4.4. Ɗaukaka ƙara

Wanda bai gamsu ba yana da kwana 60 daga ranar da ya karɓi hukuncin kwamiti. Yana iya zuwa kotun yanki, ko ya nemi mai raba gardama ta hannun ofishin mai kula da baitulmalin jiha. A hanya ta biyu ana ajiye kuɗi: dala 450 ga gidan zaman da bai wuce dala 500.000 ba. In hukuncin ya fi kusa da lambar mai gida, a mayar masa da kuɗinsa ban da dala 50. A kowace hanya, cilas ne ya biya harajin da ba a gardama a kansa kafin wa'adi, in ba haka ba ƙararsa tana iya faɗuwa.

5. Abin da ke cikin haɗari, da wanda kaya ke komawa kansa

Harajin da ya shiga Fabrairu ba a biya ba yana jawo tarar kashi 6 da kuɗin ruwa kashi 1. Tarar tana hawa har kashi 12 a 1 ga Yuli, kuma ana iya ƙara har kashi 20 na ladan lauyoyi masu karɓo bashi. Ƙarshenta kotu tana iya sa a yi gwanjon gidan. Mai gidan zama yana da shekara biyu ya fanshe shi, da ƙarin kashi 25 a shekarar farko, kashi 50 a ta biyu. Mai shekara 65 ko naƙasasshe yana iya neman a jinkirta masa biya muddin yana zaune a gidan, bashin yana taruwa da kuɗin ruwa kashi 5 a shekara.

Akwai kuma wata fuska. Hukuma tana fara da kasafinta ne, sa'an nan ta nemo ma'aunin da zai kawo shi. Dokar 2019 ta ce gundumomi da birane ba su ƙara kuɗin gudanarwa da suke tarawa daga gidajen da ke nan fiye da kashi 3,5 a shekara sai da yardar masu zaɓe. Ƙananan garuruwa suna da tasu ƙa'ida. Ke nan ƙiyasi ba shi ne ke faɗin yawan abin da za a tara ba. Shi ne ke faɗin rabon kowa. Abin da aka sauke wa wani, wani ne zai ɗauka: sabon mai saye, da wanda bai yi ƙorafi ba, da mai gidan haya, wanda shi kuma zai zuba shi a kuɗin haya. Don rage wannan ne dokar 2023 ta sa linzamin kashi 20 a kan gidaje da filayen da ba na zama ba, waɗanda ƙimarsu ba ta wuce dala miliyon 5 ba, na gwajin shekara uku, daga 2024 zuwa 2026.

Gwargwadon ƙuncin linzami, gwargwadon girman wannan bambanci. A Kaliforniya, dokar 1978 ta tsai da hawa a kashi 2 a shekara. A Fulorida, dokar 1992 da ta fara aiki a 1995 ta tsai da shi a kashi 3 ko hawan farashin kaya, wanda ya fi ƙanƙanta. A irin waɗannan wurare maƙwabta biyu masu gida iri guda suna iya biyan haraji mai nisan bambanci na tsawon shekaru. Kashi 10 na Teksas yana da faɗi, saboda haka tazarar ta kan rufe da wuri, kamar yadda (12) ya nuna.

6. Kammalawa

Mun ga cewa linzami da ƙorafi ba aiki guda suke yi ba. Linzami yana rage saurin hawa, bai damu da gaskiyar ƙiyasi ba. Ƙorafi yana gyara ƙiyasin, amma ba ya isa aljihu sai ya sauko ƙasa da linzami. Mai gidan da takardar sanarwa ta iso masa yana da tambaya huɗu da zai amsa kafin 15 ga Mayu: an rubuta rangwamen gidan zama? Bayanin gidan daidai ne? Tazara nawa ce tsakanin ƙimar kasuwa da mai linzami? Shaidun da ke hannunsa za su iya ƙetare wannan tazara? In tazarar ƙarama ce, ko babu ita, ƙorafi zai rage harajin bana. In babba ce, amfaninsa na shekaru masu zuwa ne. Sabon mai gida kuwa, wanda linzami bai kama ba tukuna, shi ne ya fi kowa dalilin zuwa.